Neman Shawara: Babban tire ya kawo min ciniki, amma ragowar da ake bari ta hana ni sukuni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ina da ɗan gidan abinci a nan Kano, shekara bakwai ke nan, da shi nake riƙe kaina da 'ya'yana tun bayan rasuwar maigidana. Bayan ƙaramar Sallah ɗan yayata, wanda yake kula min da shafukan Instagram da TikTok, ya kawo shawarar mu fito da babban tire irin wanda ake gani a bidiyo. Na yarda. Muka sa aka ƙera mana tire na musamman, faɗinsa ya kusa cinye tebur, sai ma'aikata biyu sun kama ake iya fito da shi daga kicin. Dafa-duka a gefe, soyayyiyar shinkafa a gefe, ga dambu, ga masa, ga dankali da agada, a tsakiya cinyar rago da kaji huɗu. A lissafina abincin mutum goma sha biyar ne.

Ciniki kam ya buɗe, ba zan yi wa Allah butulci ba. Amma ranar Asabar da ta wuce samari shida suka zo suka ce shi suke so. Na ce ya yi musu yawa, suka ce ba komai. Da aka ajiye musu, sai kowa ya fito da waya. Sun fi minti ashirin suna ɗauka, wannan ya hau kujera, wancan ya ɗaga cinyar ragon, har abincin ya huce. Suka yagi naman, shinkafar ko kwata ba su ci ba. Da suka tashi, ƙasusuwa da tishu duk a kan abincin, zoɓo ya zube ya jiƙa masar. Dattijuwar da take min wanke-wanke ta tsaya tana kallon tiren, ta ce, "Hajiya, wannan a ina zan zuba?" Wallahi na kasa ba ta amsa. Na san nawa na sayi buhun shinkafar nan, na kuma san a gidanta ba kullum ake ɗora tukunya sau uku ba.

Yanzu kuma yaron ya zo da wata: wai mu sa gasa, duk mutum ukun da suka cinye tiren cikin rabin awa ba za su biya ko sisi ba. Ya ce haka ake yi a ƙasashen waje. Ni zuciyata ba ta kwanta ba, amma ina tsoron in daina ciniki ya koma yadda yake a da. In ci gaba da tiren ko in bari? Gasar fa? Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Wata 'yar kasuwa daga Sabon Gari:
Hajiya, kasuwa ake. Wanda ya biya kuɗinsa abincin ya zama nasa, ya ci ko ya bari ba ke za a tambaya ba. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, yanzu ake yayinki, ki tara abin da za ki tara. In kika bari gobe maƙwabciyarki za ta ɗauka.

Wani tsohon kuku da ya yi aiki a Jidda:
Yaya, ni shekara tara na yi a kicin ɗin da ake yin mandi da kabsa, wato shinkafa da nama irin na Larabawa, don haka tire ba baƙona ba ne. Can ba a sayar da shi ido rufe. Mai saye zai ce rubu'in rago, ko rabi, ko cikakke, shinkafa kuma a zuba daidai da naman. Duk da haka ɓarnar da na gani a walimomi ba ta faɗuwa. Hukumar hatsi ta Saudiyya da kanta ta fitar da bincike a 2019 cewa kusan kashi 33 cikin ɗari na abincin ƙasar asara yake tafiya, sama da tan miliyan 4 a shekara, kuɗinsa ya kai riyal biliyan 40. Shi ya sa ƙungiyoyi irin su Iɗ'am, wadda aka kafa a Dammam a 2011, suke bin wuraren biki suna kwashe abincin da ba a taɓa ba, su zuba a mazubi mai tsabta su kai wa mabuƙata. Ki lura da kalmar: wanda ba a taɓa ba.

Matsalarki ba tiren ba ne, awo ne. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa yana ciyar da mutum takwas zuwa goma idan akwai nama da mahaɗi. Ke kuma kin haɗa dafa-duka da soyayyiya da dambu da masa, duk dangin shinkafa ne, cikin mutum ɗaya ba zai ɗauki huɗun ba. Ga abin da zan yi in ni ne. In ƙera tire uku: na mutum huɗu, na takwas, na goma sha biyar. Babban kuma sai da oda tun jiya, a faɗi adadin masu ci, a ba da rabin kuɗi. Sannan kar a juye shinkafar duka lokaci ɗaya. A shimfiɗa rabi, a yi ado da nama da ganye da su tumatir, ido zai ga tire ya cika. Sauran rabin yana cikin kula a kicin da zafinsa. In sun cinye a ƙaro, in sun ƙoshi a zuba musu a roba su tafi da shi, ai sun biya. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, bayan sati biyu ma'aikatanki da kansu za su riƙa gane teburin da zai ci da wanda hoto ya kawo shi.

Wani ɗan uwa mazaunin Texas:
Hajiya, bari in yi magana a kan gasar, don inda yaronki ya kwaso ta nan ne kusa da mu. A garin Amarillo akwai gidan nama mai suna Big Texan Steak Ranch, tun 1960 yake. Suna da tsokar naman sa mai nauyin oza 72, wato kilo 2 da ɗan ɗoriya. Za ka biya dala 72 tukuna, a zaunar da kai a wani tebur da aka ɗaga sama kowa yana kallonka, agogo yana tafiya. In ka cinye naman da gasasshen dankali da salak da burodi da jatan lande cikin awa ɗaya, a mayar maka da kuɗinka. Ba a tashi, ba a taya ka, in ka yi amai ka faɗi. Akwai wata mata, Molly Schuyler, da ta cinye guda uku cikin minti 20 a 2015, amma ita sana'arta ke nan. Yawancin masu gwadawa kasawa suke yi.

Abin da ba a gani a bidiyo shi ne, gidan yana bakin babbar hanyar da matafiya da 'yan yawon buɗe ido ke bi dare da rana. Mutum ɗaya ne yake fama da naman a sama, ɗaruruwa a ƙasa suna cin abinci na yau da kullum suna biya. Ko ya ci gasar, tsoka ɗaya suka yi asara. Ke kuwa cinyar rago da kaji huɗu za ki ɗora a kan caca, a garin da samari masu aikin ƙarfi ba su da wuyar samu. Uku daga cikin masu dakon Kwari ko Dawanau suka zo miki sau biyu a sati, jarinki ya tafi. Kuma ko a nan Amurka an fara gajiya da wannan yawan. McDonald's sun janye babban awonsu na Supersize tun 2004, kuma a yawancin gidajen abinci da wuya ka ga an tashi ba a nemi akwatin tafiya da ragowa ba.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Anti, gasar nan don girman Allah ki bar ta. Cikin babban mutum abin da yake ɗauka cikin daɗi bai wuce lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi ba. Amma ba ma cikin nake ji ba, shaƙewa nake ji. Mutum yana sauri, abokai suna ihu, ya haɗiyi tsokar da bai tauna ba ta tsaya a maƙogwaro, 'yan mintuna kaɗan ne tsakaninsa da mutuwa. A cikin ma'aikatanki wa ya san yadda ake ceto wanda ya shaƙe? Ga masu ciwon suga da hawan jini da ba su ma san suna da shi ba.

Sai maganar ragowa. Dafaffiyar shinkafa tana da wata ƙwayar cuta da dahuwa ba ta kashe irinta gaba ɗaya, in abinci ya huce ya zauna sai ta farfaɗo ta saki guba, kuma ɗumame ba ya karya gubar. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kar dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje: ko ya zauna da zafi sama da digiri 60, ko ya shiga sanyi ƙasa da digiri 5. Da zafin Kano da halin wutar lantarkinmu, wanda kika zuba wa a roba ki gaya masa ya ci a daren.

Wani matashi:
Ni ban ga ɓarna a nan ba. Almajirai nawa ne a ƙofar kowane gidan abinci? A juye musu, an samu lada an huta.

Wata uwa daga Zariya:
Ɗana, ka sake karanta abin da ta rubuta. Tishu, ƙashin da aka tsotse, zoɓo a kan masa. Ƙaninka za ka miƙa wa wannan? Almajiri ɗan mutum ne, uwa ce ta haife shi kamar kai. Allah ya ce a Suratul Baƙara kada mu nufi mummuna mu ciyar daga gare shi alhali mu kanmu ba za mu karɓa ba sai mun runtse ido. In za a ba su, a ɗebar musu daga tukunya kafin hannu ya shiga. Wanda aka jagwalgwala kuwa akwai masu kiwon kaji da tumaki, ki samu ɗaya ya riƙa zuwa da bokiti kowace safiya, ya fi a zuba a kwata.

Wani malamin Islamiyya:
Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da zuciyarki ta damu, wannan damuwar alama ce mai kyau. Babban mazubi ba laifi ba ne. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana da wani akushi da ake kira Algarra'u, maza huɗu ne suke ɗaukarsa. Ana kawo shi da hantsi, sahabbai su kewaye shi, in sun yi yawa har ya durƙusa a kan gwiwoyinsa don a samu wuri, ya ce a ci daga gefe a bar tsakiya saboda albarka. Kin ga girman akushin don yawan hannuwa ne. Muslim kuma ya ruwaito cewa abincin mutum ɗaya yana isar biyu, na biyu yana isar huɗu, na huɗu yana isar takwas. Tirenki na goma sha biyar da mutum shida a kansa ya juya wannan lissafin ne. Mu ma da ciyayya muka tashi, kowane gida ya fito da kwanonsa ƙofar gida bayan magariba, ba a taɓa mayar da kwano da tuwo a ciki ba.

Maganar 'yar uwa ta Sabon Gari cewa ba ke za a tambaya ba, ina da ja a kai. Ranar farko ba ki sani ba. Yanzu kin gani da idonki, kuma ke kike da ikon cewa ga sharaɗi. Gasar ci kuwa, ayar Suratul A'araf a fili take: ku ci ku sha, kada ku yi ɓarna. Ga kuma kuɗi da aka rataya a kan nasara ko faɗuwa, wannan ma abin dubawa ne.

Wata ɗaliba a ƙasar Sin:
A nan tun Afrilun 2021 akwai dokar hana ɓarnar abinci. Gidan abinci yana da damar cajin wanda ya bar ragowa mai yawa, in kuma shi ne ya yaudari mutane suka yi oda fiye da ƙima ana iya cin sa tara har yuwan 10,000. Bidiyon haɗama ma an hana. Ba na ce ki ci kowa tara ba Anti, a Kano rigima zai jawo, amma rubuta adadin mutane a jikin kowane tire ba zai ɓata wa kowa rai ba.

Wani mai ɗaukar bidiyo:
Mama, kar a ga laifin ɗanki da yawa, gaskiya ce bidiyo ne yake kawo mutane yanzu. Amma ba dole sai an yi ɓarna ake kallo ba. Tukunyar dafa-dukan da Hilda Baci ta yi a Legas a Satumbar 2025, wadda masu kundin bajinta na duniya, Guinness, suka tabbatar ta kai kilo 8,780, jama'ar da suka taru aka raba wa. Ki gayyaci 'yan majalisar hira guda cikakkiya, ko 'yan ƙwallon unguwa bayan wasa, ko ma'aikatan wani ofis, mutum goma sha biyar na gaske. A ɗauke su daga bismilla har a suɗe tire. Tiren da ya koma kicin fes ya fi nuna daɗin girki a kan wanda aka bari a cike.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na karanta duka, na kuma zaunar da yaron na karanta masa ta ma'aikaciyar jinya da ta ɗan uwanmu na Texas. Bai ji daɗi ba da farko, amma maganar shaƙewar ta shige shi, ya yarda gasa ta mutu. Gobe zan je wajen mai ƙira a yi min ƙanana biyu. Babban sai da oda, kuma ba zan fito da shi ga ƙasa da mutum goma ba ko nawa za a ba ni. Dattijuwar nan ma ta ce maƙwabcinta yana kiwon kaji, zai riƙa zuwa.

Abu ɗaya ya rage min. Malam kuku, kular da za ta riƙe rabin shinkafar da zafinta har awa biyu ba tare da ta yi gumi ta caɓe ba, wace iri kuke amfani da ita? Tawa ta roba ce, kuma soyayyiyar shinkafa ba ta jimawa a cikinta.