Musayar Baituka: Kukan Fim da Kukan Gida

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Daren jiya muna kallon wani fim da iyali, aka yi mutuwa a ciki, na sake ganin abin da nake gani tun ina yaro. Ga 'yar ƙwar biyu, mai amsa ya amsa.

Da sunan Ilahi nake buɗe baki,
Salati ga Manzon da bai san gazawa.

A fim in masoyi ya kau sai a ruɗe,
Ana kurma ihu, ana ta sumewa.

Idan an raba ta da wanda take so,
Jini za ta tofar, ana girgizawa.

Likita ya ce zuciya ce ta kumbura,
Ku ba ta masoyi, ku bar jinkirtawa.

A ɗaura da safe, da yamma ta warke,
Da dare a dandali ana cashewa.

Shi mai damuwa ko a juji da tsumma,
Yana dariya, yara na jejjefawa.

Ina tambaya, masu fim, don Ilahi,
A wane gida ne hakan ke faruwa?

Mai Kyamara:
Wa alaikumus salam. Tun 1990 ake fim ɗin bidiyo a Kano, ni kuma na tsufa a bayan kyamara. Ba zan ji wannan in haɗiye ba.

Ɗan Fagge, sannu da shan inuwa,
Ɗan kallon kokawa gwanin kayarwa,
Kana kan tabarma kana tsarawa,
Mu ne a rana gumi na tsiyaya.

Ka ce kukanmu na man zafi ne,
To wa ya riƙe ka ka kalla a zaune?
Har fim ya ƙare kana nan a manne,
Ka goge ido, wai ƙura ce a idaniya.

Mun tashi da Indiya a Plaza da Marhaba,
Can muka sha kuka da waƙa muka saba,
Abin da ya raine mu ba mu ƙi shi ba,
Kai ma da shi ka girma, daina fariya.

Gaya mini, ciwon da ke ɓoye a ƙirji ta yaya kyamara za ta ɗauko shi? In ba a yi ihu ba mai kallo ya sauya tasha, jarinmu ya narke.

'Yar Damagaram:
Mai Kyamara, Allah ya ƙara basira! "Ƙura ce a idaniya" ta gama magana. Ɗan Fagge, nemi ruwa ka sha.

Ɗan Fagge:
'Yar Damagaram, kin yi saurin guɗa, ba a ɗaura ba tukuna.

Hawayen da albasa ke sa mutum yi,
Ina ta yi wayon da za ai yabawa?

Kuna tatsa kukan mutane ku sai da,
Ku ce tausayi ne kuke shimfiɗawa.

Ba da wasa nake ba. Ƙanwata, da aka hana ta wanda take so, kwana uku ta yi a kwance ba ci ba sha, ta juya fuska bango daidai yadda ake yi a fim, tana jiran a kira likita ya ce a ba ta shi. A ina ta koya?

Malam Na-Zazzau:
Kafin a yi nisa. Ɗan Fagge, ka hau bahar ɗin Mutaƙarabi, wato ɗaya daga cikin ma'aunan waƙa na Larabawa, gaɓa 12 a kowane ɗango, sai a baiti na huɗu ka yi tuntuɓe: "Likita ya ce zuciya ce ta kumbura" gaɓa 13 ce, ka ƙirga. Kai kuwa Mai Kyamara, na rasa bahar ɗin da zan ɗora taka a kai.

Ku auna, ku tsara, ku daina garaje,
Gini ba awo ba ya jimrin tsayawa.

Ɗan Fagge:
Na karɓa, Malam. A cire "ce" ta biyu: "Likita ya ce zuciya ta kumbura."

Malam Na-Zazzau:
Adadi ya daidaita, nauyi bai daidaita ba. "Likita" gaɓoɓinta biyu na farko duk marasa nauyi ne, Mutaƙarabi kuwa marar nauyi ɗaya yake so, masu nauyi biyu su biyo ta.

Mai Kyamara:
Malam, Halilu a Basra ya yi awonsa,
Waƙar Larabawa ya sa a sikelinsa,
Mu kalangu ya raine mu da amonsa,
Kunne ne alƙali, ba allon ƙidaya.

'Yar Damagaram:
Malam ya zo gidan makoki da mudu,
Ana jajanta wa juna, shi yana awo.
A nan Damagaram in an rera ta zauna,
Ba ma tambayar daga wane bahar ta gangaro.

Malam Na-Zazzau:
'Yata, da awon nan malaman jihadi suka rubuta waƙoƙinsu na Hausa da ajami tun ƙarni na 19. Gadonki ne ke ma. Kalangu da gurbinsa, alƙalami da nasa.

Gwaggon Yara:
Salamu alaikum 'ya'yana. Sai yau na ga wannan, jikanyata ce ke buga mini. Ni ban san aruli ba, wato ilimin awon waƙa, amma na san abin da kuka fara magana a kai kafin ku koma faɗan mudu.

Ranar da maigida ya cika ina zaune,
Ko ɗigon hawaye bai zubo mini ba.

Mata suna ta yabo, wai na yi haƙuri,
Dutse ne a ƙirjina, ba su sani ba.

Aka yi uku, aka yi bakwai, aka watse,
Aka naɗe tabarmi, ba a dawo ba.

Butarsa na nan a gindin rijiya,
Takalminsa a ƙofa, ban iya ɗaukewa ba.

Kullum in zan auna tsaba sai in sa da nasa,
Hannuna bai yarda ya tafi ba.

Wata huɗu da kwana goma suka cika,
Na fita takaba, ita ba ta sake ni ba.

Abinci kamar ƙasa, barci sai goshin asuba,
Ban yi ihu ba, ban yaga zane ba.

Ɗan Fagge, ka yi gaskiya, ba haka ake yi a gida ba. Amma ka bar wa ɗan'uwanka tasa gaskiyar. Bayan kusan shekara, ina zaune da jikoki suna kallo, aka nuno wata mata ita kaɗai a ɗaki tana ninke babbar rigar mijinta da ya rasu. Ba kiɗa, ba magana. Ta ninke, ta warware, ta sake ninkewa. A nan kukan da ya ƙi zuwa ranar jana'iza ya ɓalle mini, har yaran suka tsorata suka kashe talabijin. Daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba. Ihun fim ɗin duk na manta shi, rigar nan ce ta zauna mini.

'Yar Damagaram:
Allah ya jiƙan Baba, Gwaggo, ya sa ya huta. Malam, ga ta Gwaggo nan, bismilla, ɗauko mudun.

Nas ɗin Dare:
Allah ya gafarta masa, Gwaggo. Yanzu na sauko daga aiki na tarar an tara. Mai Kyamara, da kai nake.

Zo ka ga namu da idonka, ɗan'uwa,
Mai damuwa na wanka, yana zuwa aiki.

Yana gaisawa, yana ma murmushi,
In ya koma gida ya kulle ɗaki.

Abin da yake so a da ya daina so,
Abinci ya ƙi shiga, magana ta maƙale a baki.

Ka ce da dangi su kai shi ga likita,
Su ce ai ba ya bin bola, cikin mamaki.

Hoton da kuka dasa shi suke dubawa,
Har ciwo ya gama cin shi daga ciki.

Juyayin rashi ba cuta ba ne, yana zuwa yana lafawa. Amma in ƙunci ya wuce mako biyu kusan kullum, mutum ya daina jin daɗin komai, barci da ci suka rikice, yana ganin ba shi da amfani, wannan ciwon damuwa ne, kuma yana da magani. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 280 ke fama da shi. Akwai asibitin Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, amma sunansu kaɗai tsoro yake ba mutane, don tsumma da sarƙa suke hangowa. A Janairun 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Najeriya, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Doka ta sauya, mahaukacin fim yana nan da kwalbarsa.

Kar kuma ka ce kallo ba ya bin mutum gida. Wani shirin Amurka mai dogon zango da Netflix ta fitar a 2017 ya nuna yarinya tana kashe kanta filla-filla. Likitoci suka yi ca a kai, a 2019 aka yanke wurin.

Malam Na-Zazzau:
'Yar Damagaram, ba a auna hawaye. Gwaggo, Allah ya haskaka kabarinsa. Masu yaba miki da kin ƙi kuka su ne ke buƙatar karatu.

Ku dubi Yakubu, rabonsa da Yusuf,
Da kuka ganin nasa har yai dushewa.

Ina wanda zai ce da shi ya yi raki?
Hawaye daban ne da ƙin sallamawa.

Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya ce ido na zubar da hawaye, zuciya na baƙin ciki, ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Shekarar da ya rasa Nana Hadiza da Abu Ɗalib har yau Shekarar Baƙin Ciki ake ce mata. Nana Asma'u ma marsiyya ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Bello da ya rasu a 1837. Abin da aka hana shi ne marin fuska da yaga tufafi, wato daidai abin da Mai Kyamara ke ɗauka.

Mai Kyamara:
Malam, ka biyo ta bayan gida ka sake sara na, na ji. Nas, maganar bola na karɓa, ta yi mini nauyi. Ta ihu kuwa ban sauka ba, don ni na san kasuwa.

Gwaggo, rigar nan ta ɗaure mini baki,
Na yi shekaru ina neman kuka a ɗaki,
Ashe yana cikin gwangwanin awo da girki,
Ki ba ni aron tsabar nan, in an yarda, Hajiya.

Ina nufin wurin da kike sa da nasa. Ina so in ɗauke shi a fim, ba suna ba gari.

Ɗan Fagge:
Gwaggo, ki kafa masa sharaɗi, in ba haka ba fiyano zai sa a kai, 'yan rawa su fito daga bayan rumbu.

Gwaggon Yara:
Na ba ka, ɗana. Amma kar ta suma, kar a kira likita, kar kuma a kawo mata wani miji a ƙarshe. Ta auna gwangwani uku, ta tsaya, ta mayar da ɗaya cikin buhu. Butar kuma ta roba ce, shuɗiya, bakinta ya ɗan tsage.