Allurar homon girma: za ta sauko min da kolestorol ko madaciya za ta taɓa?

Maman Biyu: Salamu alaikum. An cire min ƙari a fitutari, ɗan ƙullin nan na ƙasan ƙwaƙwalwa, gwaji ya nuna jikina ya daina samar da homon girma. Likita ya ce in fara allurar somatropin, wato homon girman, kullum da dare. LDL ɗina, wato mugun kolestorol, ya hau, ga mahaifiyata ta yi fama da tsakuwar madaciya. Wanda ya yi allurar, don Allah me ya gani?

Ɗan Ƙarfe: Hajiya yi kawai! Abokina ya yi, tumbinsa ya zube.

Dattijo: 'Yata, kada ki soma. Ni ma fitutarin ne, hannuwa da ƙafafu suka yi ta girma har takalmi ya daina shiga. Aka ɗora ni kan allura duk wata, babu wanda ya ce min uffan a kan madaciya. Wani dare ciwo ya turnuƙe ni a ƙasan haƙarƙarin dama, na yi ta amai har asuba. Hoto ya nuna tsakuwa fal. Aka cire madaciyar, wanda ya rubuta allurar ko sannu bai ce ba.

Mai Jinya: Sannu Baba, amma allurarku ba ɗaya ba ce. Ku homon ne ya yi yawa, irin allurarku, octreotide, rage shi take, kuma ita ke hana madaciya matsewa har ruwan ya kwanta ya zama tsakuwa. Somatropin tana sa hanta ta ƙara kwashe LDL daga jini, yana sauka amma ba sosai ba. A ɓeraye an ga tana ƙara juya kolestorol zuwa ruwan madaciya, a mutane ba a ga haka ba.

Dattijo: Ke a takarda kika karanta, ni a jikina na karanta.

Ɗan Ƙarfe: To ɓeraye sun ci riba kenan.

Yaya Babba: Ni ina yi. An fara min da 0.2 mg, ana duba IGF-1, gwajin jinin da ke nuna aikin homon girma, kafin a ƙara. Da fari ƙafa ta kumbura, yatsu suna mutuwa, aka rage sai ya lafa. Kolestorol ya ɗan sauka, statin, maganin rage kolestorol, dai ba a cire min ba. Suga kuwa sai da ya motsa, ki sa ido. Kuɗin ne ke cin rabin albashina.

Ɗan Ƙarfe: Rabin albashi? An cuce ka. A intanet araha take.

Mai Jinya: Wadda ba ka san ko ta kwana a firji ba? Hajiya, in kina shan ƙwayar estrojin, homon mata, ki faɗa wa likita, tana rage ƙarfin allurar.

Yaya Babba: Ni abin da ke ƙona min rai gwajin ne. Jini ɗaya, ɗakin gwaji biyu, IGF-1 biyu mabambanta, kowa ya ce nasa ne daidai.

Dattijo: Ai gara kai an ba ka sakamako. Nawa ɓatar da shi suka yi, suka ce in sake biya.

Maman Biyu: To ni madaciyar fa, in nemi a yi min hoto kafin in fara?

Yaya Babba: Baba, kun sake biyan kuwa?