Wa ya taɓa kwana a Coast Camp na Point Reyes da yara?

Baban Ilham

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa zuwa da ƙafarsu. Ilham ta hana ni sakat tun da 'yan ajinsu suka ba ta labarin kwana a tanti bakin teku. Na duba Point Reyes, gandun shaƙatawa na bakin teku a California, tunda daga nan Oakland bai fi awa ɗaya da rabi a mota ba. Na ga gurbi a sansanin kwana na Coast Camp daren wata Asabar cikin Oktoba, akwai kuma wani a sansanin Wildcat sati biyu bayansa. Duka biyun mota ba ta kaiwa, sai ka ajiye ta ka goya kayanka ka taka. Mu huɗu ne: ni, mamansu, Ilham mai shekara 9 da ƙaninta mai 6. Wanne ya fi dacewa da mu? Sannan tanti da jakar barci, in saya ko in yi haya? Ko ɗaya ba ni da shi.

Ɗan Gumel

Wa'alaikumus salam. Ka kai su Yosemite kawai, ya fi kyau nesa ba kusa ba.

Bakano a San Jose

Ikon Allah. Mun baro ƙauye, mun sha layin biza, yau kuma da dalarmu za mu biya a bar mu mu kwana a ƙasa babu wuta. In kakata ta ji wannan sai ta sa a yi maka rubutu ka sha.

Maman Khalil

Baban Ilham, ƙyale su. Mun kwana a Coast Camp bara da yara uku. Da mai shekara 6 kada ka ma fara tunanin Wildcat, mil biyar da rabi ne daga Palomarin inda ake ajiye mota, ga hawa ga gangara, ƙarshenta shi ma goya shi za ka yi a kan kayan. Coast Camp hanya biyu ce. Ta Laguna mil 1.8 amma da tudu a farko, ta Coast Trail kuwa, wadda take farawa kusa da masaukin matafiya na hanyar Limantour, mil 2.8 ce amma shimfiɗaɗɗiya, har masu keke na bi. Mu ta biyun muka bi. Akwai famfo, akwai masai, kowane gurbi da teburinsa da akwatin ƙarfe na ajiye abinci. In ka samu tsakanin lamba 1 zuwa 7 ka ɗauka, suna cikin ɗan kwari, iska ba ta dukansu kamar sauran. Dala 30 muka biya kwana ɗaya, mutum shida ne iyaka.

Ɗan Gumel

Dala 20 ne Hajiya. Ni na biya da hannuna.

Maman Khalil

A wace shekara?

Ɗan Gumel

2017.

Maman Khalil

To, buhun shinkafa nawa yake a 2017?

Na Sacramento

Ni ba farashin ne ya dame ni ba. Baban Ilham, da wa za ka je, shi ne maganar. Bari in ba ka nawa. Mu shida muka shirya zuwa Wildcat a watan Yuli, duk 'yan gida, don mu ga Alamere, ruwan nan da yake zubowa daga kan dutse kai tsaye bisa yashin teku. Ni na kama wurin da katina tun da wuri, aka raba aiki: wane risho da gas, wane tukunya da shayi, wani bawan Allah kuma ya ce babban tanti na wuyansa, yana da mai cin mutum shida. Ranar tafiya ƙarfe bakwai na safe biyu suka turo saƙo wai baƙi sun zo musu. Mai tanti ya ce mu yi gaba, yana bayanmu. Muka jira shi a Palomarin har azahar. Waya ba sabis, ba halin kira. Muka ce ƙila ya bi ta Bear Valley, wata hanyar shiga ta daban, mu uku muka kama hanya.

Bai zo ba. Har yau ɗin nan da nake rubutu bai ce min yi haƙuri ba.

Abin da ya rage mana ɗan tantina ne mai cin mutum biyu da na saya a wani kanti da araha. Ni da na ga Yuli, na ɗauka zafi za a yi irin na Sacramento, jallabiya da bargo ɗaya na ɗauko. Wajen la'asar hazo ya taso daga teku, ba irin na hunturun gida mai ƙura ba, wannan jiƙa yake yi. Kafin isha rigata ta yi sharkaf ba tare da an yi ruwan sama ba. Cikin dare iska ta karya sandar tantin, ya kwanto mana a fuska, muka kwana muna tallafe da shi da hannu kamar masu riƙe alfarwar biki. Ɗan ƙaninmu ya manta ledar kilishin da matata ta yi mana a aljihun jakarsa a waje. Can wajen ƙarfe biyu na ji ƙaras-ƙaras, na haska tocila, sai ga dabbar nan rakun, mai baƙin zane a ido kamar ɗan fashi, ta zuge zif ɗin da hannunta, wallahi da hannunta, tana ci tana kallona. Na yi tsawa, ko gezau. Da asuba ruwan buta sai da na rufe ido kafin na zuba a ƙafa. Alamere kuma ba mu gan shi ba, don teku ya cika ya rufe hanyar bakin yashi, babu wanda ya duba lokacin janyewarsa a cikinmu. Na dawo gida da kaska a bayan gwiwa da mura ta sati biyu, kuma cikin mutum biyar ɗin nan biyu ne kawai suka ba ni kasonsu.

Bakano a San Jose

Allah ya jiƙan kilishi. Rakun ya ci halal ranar.

Baban Ilham

Subhanallah, sannu Yaya. Amma ni da iyalina ne kawai, kuma Oktoba ce. Maganar haya ko saye fa?

Ɗan Borno

Yuli da Agusta su ne lokacin hazo a can, Satumba da Oktoba sararin ya fi washewa, don haka ka dace da wata. Amma dare da sanyi ko yaushe. Haya za ka yi a karon farko, ni wajen dala 120 na kashe wa mutum biyu, tanti da jakar barci da tabarmar soso. Kuma kada ka bar yara su shiga ruwan, ƙanƙara ne, ga igiyar da take zuwa ba sallama ta ja mutum yana tsaye a bakin yashi. Ido a kan teku kullum.

Ɗan Gumel

120? An yanke ka. Da dala 60 za ka sayi sabon tanti naka na kanka.

Na Sacramento

Irin na dala 60 ɗin ne ya kwanta min a fuska.

Jauro

Duk surutu ne. Ni da na yi shekara goma ina kwana a daji da shanu daga Mambila har Adamawa, bargo da sanda sun ishe ni. Ɗan Borno me ya sani a daji? Bawana ne, in za ku je ku ba shi kayan ya ɗauka.

Ɗan Borno

Ka ji Bafillace. Can ɗin barewarsu ta fi saniyarka girman ƙaho, kana ganinta za ka ce a bar ka ka yi kiwonta. Ka taɓa zuwa Point Reyes ɗin ma?

Jauro

Daji daji ne.

Maman Khalil

Ba ɗaya ba ne Malam Jauro. Mai tambaya ya ce waɗanda suka je. A nan ni da Ɗan Borno ne muka kwana a wurin da yake nufi, Na Sacramento wani sansanin ya je, Ɗan Gumel kuwa tun kafin gobarar 2020 da ta cinye dajin gefen. Baban Ilham, ƙarin abu biyu. Ba a hura wutar itace a cikin sansanin, sai a bakin teku, shi ma da takardar izini, don haka ka zo da ɗan rishon gas. Sannan komai mai ƙamshi, har man goge baki, cikin akwatin ƙarfen nan, kuma a roba mai murfi, don ɓeraye na samun hanyar shiga. Ka sauke taswira da alƙibla a waya tun a gida. Maigidana ya tashi da asuba ya ba teku baya ya kalli gabas abinsa kamar yana Funtuwa, alhali daga nan alƙibla arewa take, ta ɗan karkata gabas.

Ɗan Gumel

Wato mu da muka riga ku zuwa shawararmu ta ruɓe ke nan.

Na Sacramento

Ni dai ina nan a kan bakana. Matsalarmu ba sanyi ba ce, mu ne. Mutum ya ce maka "in sha Allahu ina tafe" alhali ya san ba zai zo ba. Ko walimar Sallar bara, mutum nawa suka rubuta suna? Nawa suka biya? Wa ya cike kuɗin wurin daga aljihunsa?

Hajiya Babba

Tunda ka taɓo, a faɗa. Ni na dafa shinkafar mutum tamanin, aka ce za a mayar min da kuɗin cefane, yau wata nawa. Wasu har da kula suka zo suka ɗebi na gida.

Bakano a San Jose

Hajiya, ni kular da na zo da ita ta maƙwabcina ce.

Jauro

A fito da takardar waɗanda suka biya kawai, kowa ya gani.

Na Sacramento

Takardar tana hannun mai tanti.

Baban Ilham

Jama'a, gurbin Coast Camp ɗin lamba 11 ne, ba cikin kwarin ba. In kama ko in jira wani ya saki? Mamansu kuma ta karanta labarin rakun, yanzu ta ce sai dai mu je mu uku.

Hajiya Babba

Baban Ilham, kai ma ban ga sunanka cikin waɗanda suka biya na walima ba.