Hoton Jenny Lind ya manne da kwali, yaya za a raba su?

Assalamu alaikum, masana gyaran tsofaffin takardu. Ga wani aiki da ya cije.

Hoton Jenny Lind ne, mawaƙiyar opera 'yar Suwidin da mai shirya wasannin nishaɗi P. T. Barnum ya kai Amurka a 1850, lokacin da hotunanta suka zama ruwan dare a kantuna. An buga shi ne daga farantin ƙarfe da aka sassaƙa: sawun gefen farantin ya dannu a takardar, kuma da tabarau mai ƙara girma ana ganin tawadar ta ɗan tasa a kan kowane layi.

An taɓa manne bayansa gaba ɗaya da gam na fata a jikin kwali mai asid, takardar ta yi ɗige-ɗige ruwan ƙasa. An kankare kwalin daga baya da aska, ɓawo-ɓawo, har saura na ƙarshe. An shafa masa metilselulos (sinadari mai yauƙi da ake kwaɓawa da ruwa don ya riƙe danshi) mai kauri, kashi 4 cikin 100, na minti 10. Gam ɗin ya yi laushi, amma danshin ya ratsa, ya bar zobe rawaya kusa da kafaɗarta.

Jiƙa shi a ruwa zai cire zoben, sai dai an yi wa rigarta launi da hannu, kuma ɗigo ɗaya na gwaji ya ɗaga shuɗin.

Shin agar (abu mai daskarewa kamar jeli da ake samu daga ciyawar teku) zai saki danshi a hankali fiye da metilselulos? Ko tebur mai zuƙar iska zai janye zoben ba tare da launin ya zuba ba? Don Allah banda shawarar bilic, yana cinye zaren takarda.