Hutun Disamba wajen marasa addini a Suwidin

Mun yi hira da abokan aiki a Stockholm, yawancinsu ba ruwansu da addini, na ce to Kirsimeti me take nufi a wajenku? Abin da suka fi nanatawa shi ne a ɗauke ta lokacin zumunci, a je gidan iyaye ranar 24 ga Disamba a ci abinci tare ko ba a leƙa coci ba. Wata ta ce ita duhu ne damuwarta, hasken rana kusan awa 6 ne kacal a lokacin, shi ya sa take jera kyandir a taga. Amsar da ta fi shiga raina gaskiya, wani dattijo ya ce kar a ci bashi saboda kyauta, gara a ƙwanƙwasa wa maƙwabcin da ke zaune shi kaɗai ƙofa a kira shi cin abinci.