Me ya sa export ɗin da ke cikin sikirif ba ya zama a taminal?

Ɗan Birni:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ɗalibi ne a Jami'ar André Salifou a nan Damagaram, kuma ina rubuta wata 'yar manhaja da Python wadda za ta riƙa lissafin kayan da ke shiga da fita a shagon yayana a kasuwar Dole. Manhajar tana karanta adireshin rumbun bayanai da kalmar sirri daga bariyabul ɗin muhalli (sunaye masu ɗauke da ƙima da ake miƙa wa manhaja idan ta tashi), domin ba na so in rubuta kalmar sirrin a cikinta. Gudun buga su da hannu kullum, sai na zuba su a fayil mai suna `saiti.sh`:

```
#!/bin/bash
export DB_HOST=localhost
export DB_PASS='kalmata'
echo "An saita: $DB_HOST"
```

Na ba shi izinin gudana da `chmod +x`, na buga `./saiti.sh`, ya nuna mini "An saita: localhost". Amma da na buga `echo $DB_HOST` a taminal ɗin (tagar da ake buga umarni), sai layi ya fito babu komai, manhajar kuma ta tsaya da `KeyError`, alamar ba ta samu bariyabul ɗin ba. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, idan na buga layukan nan da hannuna, komai yana tafiya daidai. Na gwada da `sudo` (gudanar da umarni da ikon mai kula da kwamfuta), bai canza komai ba. Ubuntu 22.04 nake amfani da shi. Ina kuskuren yake?

Malamin Zengu:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Fayil ɗinka lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wurin yadda ka kira shi. Lokacin da ka buga `./saiti.sh`, shel ɗin da kake ciki, wato manhajar da ke karɓar umarninka a taminal, ba shi ne ke karanta layukan ba. Yana haifar da wani sabon shel na bash, ya miƙa masa kwafin muhallinsa, sannan ya tsaya yana jiran ya gama. A cikin wannan ɗan ne aka yi `export`, shi ya sa `echo` na cikin fayil ɗin ya nuna maka abin da kake so, amma da ya kai layin ƙarshe sai ya mutu tare da duk abin da aka saita masa. Ka ɗauke shi kamar almajirin da ya kwafi karatu daga littafin malaminsa zuwa allo: duk abin da ya ƙara a allon, ba zai bayyana a littafin ba, kuma da an wanke allon ya tafi. Aikin `export` shi ne ya sa bariyabul ya sauka daga uwa zuwa 'ya'yanta, ba ya hawa sama, kuma haka tsarin yake tun Unix na bakwai da ya fito a 1979. `sudo` kuwa wani ɗan ya ƙara haifa maka, har ma yakan share yawancin muhallin kafin ya gudanar da umarni.

Maganin shi ne ka sa shel ɗin da kake ciki ya karanta fayil ɗin da kansa:

```
. ./saiti.sh
```

Ka lura da ɗigo, sai sarari, sannan sunan fayil. A bash, `source saiti.sh` ma aiki ɗaya yake yi, kuma dalilin ke nan da ya sa ake buga `source venv/bin/activate` a Python domin kunna venv, wato keɓaɓɓen wurin girka kayan manhaja. Ta wannan hanya ba a buƙatar `chmod +x`, layin `#!/bin/bash` kuma ba a duba shi. Domin ka tabbatar, yi amfani da `printenv DB_HOST` maimakon `echo`, saboda `echo` yana nuna har bariyabul ɗin da ba a yi wa `export` ba, wanda Python ba zai gani ba.

Malama ta Sabon Gari:

Bayanin Malam ya gamsar, sai dai ina so in ja kunnenka a kan abin da ya taɓa cizo na. Tun da yanzu shel ɗinka ne ke gudanar da layukan, duk abin da ke cikin fayil ɗin kai zai shafa. Na taɓa sa `exit 1` a irin wannan fayil domin ya tsaya idan wani abu ya ɓace, na kira shi da ɗigo ina haɗe da wata kwamfuta ta SSH (hanyar shiga kwamfuta daga nesa), nan take haɗin ya yanke ina tsakiyar aiki, kuma na daɗe ina zargin intanet kafin in gane ni ce na rufe wa kaina ƙofa. A fayil ɗin da za a kira da ɗigo, `return` ake sawa. Haka `set -e` da `cd` suke: na farko zai iya rufe maka taminal da zarar wani umarni ya gaza, na biyu kuma zai bar ka a wata jakar da ba ka yi niyya ba.

Game da kalmar sirri, ni na fi son a ware ta a fayil `.env` mai layukan `SUNA=ƙima` kawai, ba tare da sarari a gefen alamar daidai ba, sannan a karanta shi haka:

```
set -a
. ./.env
set +a
```

`set -a` yana sa duk bariyabul da aka saita bayansa ya samu `export` da kansa. Don Allah ka yi wa fayil ɗin `chmod 600` domin mai shi kaɗai ya iya karanta shi, ka kuma sa sunansa a `.gitignore` domin kada Git, manhajar adana lambobin aiki, ta ɗauke shi, tun da kwamfutar shago hannuwa da yawa ke taɓa ta.

Ɗan Birni:

Allah ya saka muku da alheri, ɗigon ya yi aiki. Na kuma sa layin a ƙarshen `~/.bashrc` domin duk taminal da na buɗe ya same su. Saura abu ɗaya: na sa cron, mai gudanar da umarni a lokacin da aka tsara masa, ya riƙa ajiye kwafin lissafi da ƙarfe tara na dare bayan an rufe shago, amma a can `KeyError` ɗin ya dawo.

Malamin Zengu:

Dole ya dawo, domin cron ba ya karanta `~/.bashrc`. Yana gudanar da umarni da `/bin/sh` a cikin muhalli ɗan ƙarami, kuma a Ubuntu tun 2006 `/bin/sh` wani shel ne mai suna dash, wanda bai san kalmar `source` ba, ɗigo kawai ya sani. Saboda haka ka karanta fayil ɗin a layi ɗaya da manhajar, ka rubuta cikakkiyar hanyar kowane fayil:

```
0 21 * * * . /home/shago/saiti.sh && /usr/bin/python3 /home/shago/ajiya.py
```

Idan a cikin venv ka girka kayan manhajar, ka sauya `/usr/bin/python3` da wanda ke `venv/bin/`. Ka kuma tuna cewa cron ba ya rama aikin da ya wuce shi: idan an ɗauke wuta ko yayanka ya kashe kwamfutar kafin tara, ba za a ajiye komai ba a daren, don haka ka matso da lokacin zuwa sa'ar da ka san tana kunne.