Neman shawara kan sauya fawa-fak ɗin siririyar kwamfutar tebur ta OptiPlex 9020

Abu Hafsat:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da kwamfutar tebur ƙirar Dell OptiPlex 9020, irin siririyar nan da ake kira SFF, wadda na saya ta hannu shekaru uku da suka wuce, kuma da ita nake haɗa bidiyon bukukuwa da na walimar saukar karatu a shagona. Tana ɗauke da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) i7-4790 da ram mai gigabait 16 da ma'ajiyar bayanai ta SSD guda ɗaya. Ba ta taɓa ba ni matsala ba, sai dai tun da masu kawo aiki suka koma ɗaukar bidiyon 4K da wayoyinsu, aikin da a da nake gamawa kafin la'asar yanzu yakan kai ni bayan isha'i.

Wani abokina ya yi mini tayin katin girafik ɗinsa (katin da ke sarrafa hoto da bidiyo) GTX 1660 Super a farashi mai sauƙi. Da na buɗe murfin kwamfutar, sai na ga takardar da ke manne a jikin akwatin wutar, wato fawa-fak, ta nuna wat 255 ne kawai, kuma babu wata waya da ta rage wadda zan jona wa katin. Wani mai shago ya nuna mini fawa-fak mai wat 500, ya ce in na haɗa da adafta shi ke nan. Tambayata ita ce, shin akwai fawa-fak mai ƙarfi da zai shiga cikin wannan ƙaramin gida, kuma shin adaftar abin dogaro ce?

Injiniya Sabon Gari:

Wa alaikumus salam, Malam Abu Hafsat. Ka yi dabara da ka tambaya kafin ka fitar da kuɗinka, domin akwai shingaye uku a gabanka, kuma yawan wat shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Na farko shi ne girma. Fawa-fak ɗin da mai shagon ya nuna maka kusan tabbas nau'in ATX ne, mai faɗin milimita 150 da tsayin 86 da zurfin 140, wanda ko da guduma ba zai shiga gidan SFF ba. Akwai ƙanana, kamar SFX mai milimita 125 da 63.5 da 100, da TFX mai siffar dogon bulo, da Flex ATX wanda ya fi su sirantaka, amma na cikin kwamfutarka ba ɗaya daga cikinsu ba ne. Kamfanin ya ƙera shi ne daidai da wannan gida, don haka ko ka sami wanda ya shiga ramin, ramukan sukurorinsa da bakin da wayar bango ke shiga ba za su dace da bayan kwamfutar ba.

Na biyu shi ne soket ɗin da ke kan madabod, wato babban faifan da ake jona dukkan kayan kwamfutar a kansa. Kwamfutocin da ake haɗawa da hannu suna amfani da fulogi mai haƙora 24, wanda ke kawo wuta iri-iri, mai bolt 3.3 da 5 da 12. Taka kuwa fulogi mai haƙora 8 gare ta, da wani mai haƙora 4 na furosesa, kuma bolt 12 kaɗai fawa-fak ɗin ke bayarwa, sai madabod ɗin ya rage ta ya raba wa sauran kayan. Idan ka bi wayar da ke ba SSD ɗinka wuta da yatsa, za ka ga daga madabod ta fito, ba daga fawa-fak ba. Adaftar da ke mayar da haƙora 24 zuwa 8 tana nan a kasuwa, kuma mutane da yawa sun yi aiki da ita lafiya, amma dole ne ta zama wadda aka rubuta sunan 9020 a jikinta. Kamfanonin HP da Lenovo ma suna da nasu tsarin, mai haƙora 6 ko 10 ko 14, kuma jerin wayoyin kowanne daban ne.

Na uku shi ne katin kansa. GTX 1660 Super yana jan wat 125, yana neman tasa waya mai haƙora 8, kuma cikakken tsayi gare shi, alhali gidanka gajeren kati kawai yake ɗauka. Wato ko an warware maganar wuta, murfin ba zai rufu ba.

Abin da nake ba masu irin wannan kwamfuta shawara shi ne su juya lissafin: a nemi katin da ya dace da fawa-fak, maimakon fawa-fak ɗin da ya dace da kati. Ramin PCIe, wato ramin madabod da ake soka kati, da kansa yana iya ba kati har wat 75 ba tare da ƙarin waya ba. Furosesarka tana cin wat 84 idan aiki ya yi nauyi, madabod da ram da SSD da fankoki ka ƙiyasta musu kamar 40. Idan ka ɗora kati mai wat 50, jimillar ba ta kai 180 ba, kuma wannan ya bar maka sarari mai kyau a cikin 255 ɗin. Sararin yana da muhimmanci, saboda wannan ƙira ta fito ne tun 2013, kuma fawa-fak ɗin da ya haura shekara goma yana shan zafin bazara da ƙurar hunturu ba ya bayar da abin da yake bayarwa yana sabo.

Ɗan Zariya:

Ina goyon bayan Injiniya, kuma ina so in ƙara gargaɗi a kan lambar 500 ɗin nan. Na taɓa sayen irinsa marar suna, mai sauƙin nauyi kamar gwangwanin madara, kuma mako biyu kawai ya yi kafin ya yi ƙara ya cika ɗakin da ƙaurin roba, ya tafi da had-disk ɗina, wato ma'ajiyar bayanai. Wanda zai sayi fawa-fak ya karanta amfiya nawa aka rubuta a layin bolt 12, ya ninka da 12, domin wannan ne ƙarfin da furosesa da kati za su samu a zahiri. Haka kuma a guji 'yar wayar nan da ke mayar da fulogin SATA, wato wanda ke ba SSD wuta, zuwa na katin girafik, domin fulogin SATA wat 54 ne iyakarsa a bolt 12, kuma narkewa yake yi idan aka matsa masa. Idan akwai jan makunni a bayan fawa-fak mai bolt 115 da 230, a tabbata yana kan 230 kafin a jona da wutarmu.

Malama Ummu Khalil:

Ni dai ban ga laifin sauya fawa-fak ɗin ba idan mutum ya yarda ya rabu da ƙaramin gidan. A cibiyar koyar da kwamfuta da nake aiki mun ciro madabod ɗin irin wannan mun mayar da shi babban gida, muka sa fawa-fak mai tambarin 80 Plus Bronze na rashin ɓarnar wuta da adafta, kuma tana aiki har yau. Sai dai ba zan ɓoye wahalar ba. Fulogin fanka na Dell haƙora 5 gare shi, wayoyin makunni da na USB ɗin gaba su ma nasu daban ne, kuma idan madabod bai ga abin da ya saba gani ba, sai ya tsaya da saƙon gargaɗi ya jira a danna F1 duk lokacin da aka kunna. Da muka haɗa kuɗin gida da fawa-fak da adaftoci, sai muka ga da kaɗan ya gaza kuɗin tsohuwar babbar kwamfuta sukutum. Abin da ban yarda da shi ba shi ne abin da wasu ke yi na ajiye fawa-fak a waje a kan tebur, wayoyi na shiga ta buɗaɗɗen murfi, musamman a shagon da yara ke shiga da fita.

Injiniya Sabon Gari:

Gaskiya ne, Malama. Bari in ƙara wa Malam Abu Hafsat wani abu da ya shafi aikinsa kai tsaye. Yawancin wayoyin zamani, musamman iPhone tun 2017, suna ajiye bidiyo ne a tsarin matse bidiyo da ake kira HEVC, alhali sashen bidiyo na furosesarka tsohon tsarin H.264 ya ƙware a kai, shi ya sa nauyin duka ke faɗawa kanta. Saboda haka ba katin wasanni mai ƙarfi kake buƙata ba, kati mai iya buɗe HEVC da matse shi kake buƙata. Quadro P1000 yana yin haka, wat 47 yake ci, gajere ne, kuma rami ɗaya yake tarewa. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin babban ramin x16, mai layin bayanai 16, a madabod ɗinka yana dab da fawa-fak, kuma kati mai kauri irin yawancin gajerun GTX 1650 ba ya samun wuri a nan, sai dai a ɗaya ramin da ke aiki da layi huɗu kawai. Za a iya yi maka tallar RX 6400 saboda wat 53 yake ci kuma siriri ne, amma ba shi da sashen matse bidiyo, don haka ba naka ba ne. Idan za ka share ƙura, ka hura ta daga waje, kada ka kwance murfin fawa-fak ɗin, domin manyan kafasitocinsa suna riƙe wuta ko bayan an zare waya.

Abu Hafsat:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sanar da abokina cewa katinsa ba zai yi mini ba, kuma zan nemi P1000 ɗin. Na duba hotonsa na ga ƙananan ramukan Mini DisplayPort guda huɗu ne a bayansa, alhali allona HDMI kawai yake da shi, don haka zan haɗa da wayar da ke mayar da Mini DisplayPort zuwa HDMI. Injiniya, wanda na gani ana sayarwa dogon ƙarfen baya ne a jikinsa, wato ƙarfen da ake ɗaure katin da shi a jikin gidan kwamfuta. Shin ana samun gajeren ƙarfen daban, ko kuwa in jira har in sami wanda ya zo da nasa?